Idan Jam'iyyarka Ta Tsayar da Wanda Ba Ka So

Ina da wani kawu da ke zaune a bakin hanyar da ta nufi madatsar ruwa ta Tagwai, dam ɗin da Minna ke sha daga cikinsa. Tun da aka kafa PDP a 1998 yake cikinta. Bai taɓa riƙe muƙamin da ya wuce na mazaɓa ba, bai kuma taɓa sauya sheƙa ba. Yana da wani littafi mai layi irin na 'yan firamare, wanda ya rubuta sunayen magidantan unguwarsu a ciki, gida-gida, da yawan masu katin zaɓe a kowane gida. Duk ranar zaɓe, yana idar da sallar asuba zai ɗauko littafin nan ya shiga bin ƙofofi yana sallama. Wanda ya fito ya sa masa alama, wanda ya yi nawa ya tura masa yaro. Ba ya komawa gida sai an ƙidaya akwati a gabansa.

Ranar Asabar 28 ga Maris, 2015, littafin bai fito ba. Da hantsi na iske shi a kan tabarma a gindin mangwaro, rediyo a gefensa, ana jiyo hayaniyar masu layi daga makarantar da aka kafa rumfar zaɓe. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, lafiya yau ba ka fita ba?" Ya ce, "Lafiya lau, ɗana." Da ya ga ban tashi ba sai ya rage muryar rediyon. "Tun zaɓen Kure na farko nake ƙwanƙwasa ƙofofin mutanen nan," in ji shi. "Bana in na ƙwanƙwasa, me zan ce musu?"

Bai zaɓi Buhari ba, bai zagi Jonathan ba, bai kuma goge lemar PDP da aka zana a bangon zaurensa ba. Zama kawai ya yi. Na daɗe ina ɗaukar abin halin dattijo guda ne, sai da na jera alƙaluman zaɓen jihar nan na ga ashe irinsa suna da yawan gaske.

A 2011 Buhari, yana CPC, ya samu ƙuri'a 652,574 a Jihar Neja, Jonathan ya samu 321,429. A 2015 Buhari, yana APC, ya samu 657,678, Jonathan kuwa 149,222. Duk guguwar canjin nan da aka yi ta zance a kanta, abin da ya ƙaru a buhun Buhari a jihar nan 5,000 ne da 'yan kai. Buhun PDP ne ya huje, sama da ƙuri'a 172,000 suka zube, kuma ba a gan su a ɗaya gefen ba. Masu cewa na'urar tantance katin zaɓe, wadda aka fara aiki da ita a shekarar, ta rage aringizon da aka saba yi, suna da hujja, ban kuma raina ta ba. Amma duk wanda ya zauna a unguwa a ranar ya san akwai littattafai irin na kawuna da yawa da suka kwana a cikin akwati. Ɗan jam'iyyar da aka tsayar masa da wanda ba ya so bai cika tsallakawa gidan abokan hamayya ba. Yawanci hannunsa yake naɗewa.

Wannan naɗe hannun ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. Tsarin mulki bai wadatu da cewa ɗan takarar shugaban ƙasa ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya haɗa da kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Saboda haka ko a jihar da jam'iyya ta san ba za ta ci ba, tana bukatar 'ya'yanta su fito su cika mata wannan rubu'in. A 2011 'yan PDP na Neja sun cika wa Jonathan shi har da ƙari. A 2015 ko kashi ɗaya cikin biyar bai kai ba.

Tushen maganar ya koma 2010. Da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu na shekarar, da yawa daga 'yan PDP na Arewa suna ganin tsarin karɓa-karɓa na jam'iyyar ya ba yankinsu shekara takwas, an ci uku, saura biyar. Kwamitin Malam Adamu Ciroma ya zauna ya tace 'yan takarar Arewa huɗu, cikinsu har da Janar Ibrahim Babangida na nan Minna, ya fitar da Atiku Abubakar. A zaɓen fid da gwani na Janairun 2011 Jonathan ya kayar da Atiku da 2,736 a kan 805, amma daliget ɗin Neja Atiku suka bi. Wato tun daga filin taron an san inda zuciyar 'yan lema na jihar nan take. Zancen karɓa-karɓa kuwa ba baƙo ba ne a wurin ɗan Neja, don da shi muke raba kujerar gwamna tsakanin shiyyoyi uku: Abdulƙadir Kure daga kudu, Mu'azu Babangida Aliyu daga gabas, Abubakar Sani Bello daga arewa, aka sake zagayowa kudu ga Umar Bago. Manyan jam'iyyun biyu ma daga shiyya ɗaya suke ɗauko 'yan takararsu in lokacinta ya zo. Mutumin da ya ga ana kiyaye wannan layin a gida, in aka ce masa an tsallake shi a Abuja, zai ji abin a matsayin saɓa alkawari, kuma da wuya a lallashe shi da cewa ai kundin tsarin mulkin ƙasa bai san da shi ba.

Abin da talakan Neja ya yi a 2011 shi ne abin da ake kira wake da shinkafa. Ranar 16 ga Afrilu ya dangwala wa Buhari, bayan kwana goma ya dawo ya mayar da Talban Minna, Mu'azu Babangida Aliyu, kujerarsa a ƙarƙashin lema. Haka aka yi a yawancin Arewa. Buhari ya ci jihohi goma sha biyu, amma CPC gwamna ɗaya ta samu, na Nasarawa, jihar da shi kansa bai ci ba. Jadawalin zaɓen ma ya taimaka, don a shekarar ranar 'yan majalisar tarayya daban, ta shugaban ƙasa daban, ta gwamnoni daban, kowace da tazararta, mutum yana da sararin da zai huce ya sake lissafi. A 2015 aka haɗa na shugaban ƙasa da na majalisar tarayya rana guda, aka kuma cika gari da kalmar sak, wato daga sama har ƙasa tsintsiyar APC, kada a tsaya duba wane ne ɗan takara. Tsohuwar da aka miƙa wa takarda uku a lokaci ɗaya, ga rana ga layi a bayanta, alama ɗaya za ta nema a kan dukansu. Kujerun sanata uku na Neja duka suka tafi APC.

A cikin waɗanda ruwan ya ci har da gwamnan kansa, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, don babu wanda ya fi shi nuna tsaka mai wuyar da babban ɗan jam'iyya ke shiga. A lokacin Talba shi ne shugaban ƙungiyar gwamnonin Arewa. A farkon 2013 ya fito ya ce Jonathan ya yi yarjejeniya da gwamnoni cewa zango ɗaya zai yi, fadar shugaban ƙasa ta musanta. Ranar 31 ga Agusta, 2013, yana cikin gwamnoni bakwai da suka yi wa uwar jam'iyya bore, aka fice daga babban taronta a Abuja aka kafa abin da aka kira sabuwar PDP. A watan Nuwamba biyar daga cikinsu suka koma APC: Kwankwaso, Wamakko, Nyako, Abdulfatah Ahmed da Amaechi. Shi da Sule Lamido suka zauna. Mataimakinsa, Ahmed Musa Ibeto, ya tsallaka ana saura 'yan makonni zaɓe. Talba ya tsaya takarar sanatan Neja ta Gabas a ƙarƙashin lema, David Umaru na APC ya kayar da shi, sannan ɗan takararsa na gwamna, Umar Nasko, ya faɗi ranar 11 ga Afrilu. Bayan shekara shida, a 2021, reshen PDP na ƙaramar hukumar Chanchaga ya sanar da dakatar da shi, cikin zarge-zargen har da zagon ƙasa ga Jonathan. A martaninsa bai ɓoye ba, ya ce gwamnonin PDP na Arewa sun juya wa Jonathan baya ne saboda ya saɓa alkawari.

Ban ga laifin mutum don ya riƙe alkawari ya ce sai an cika masa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne lokacin da aka faɗi maganar. A watannin kamfe, ƙananan 'yan jam'iyya a Kpakungu da Tunga da Maitumbi su ne suke liƙa fasta da dare don gudun jifa, su ake yi wa ihu a kasuwa, su ake ƙaurace wa a wurin suna da ɗaurin aure. Sun kuma san abin da ya faru bayan zaɓen 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe sama da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa, aka ƙone gidajen mutane don kawai an san su da lema. Da wannan tsoron a zuciya wasu suka fito suka yi wa jam'iyya aiki, suna zaton manyansu na tare da su. Da an gaya musu gaskiya a Janairun 2015, da kowa ya san inda zai sa ƙafarsa.

A nan ya kamata a rarrabe, don ana cakuɗa mutum uku a cikin kalmar ɗan jam'iyya. Akwai mai jefa ƙuri'a wanda ya saba da wata alama, ko katin jam'iyya ba shi da shi. Akwai irin kawuna, mai kati, mai zuwa taron mazaɓa, wanda mutuncinsa a unguwa ya ɗauru da sunan jam'iyyar. Akwai kuma mai kujera, wanda jam'iyya ta ba tuta ya ci zaɓe, ko ta ba shi muƙami. Nauyin da ke kansu ba ɗaya ba ne, kuma doka kanta ta fi ɗaure na ukun. Sashe na 221 na tsarin mulki ya keɓe wa jam'iyyu neman ƙuri'a, babu ɗan takarar kashin kai. Takardar da muke dangwalawa ba ta ɗauke da suna ko hoton mutum, sai tambari. A Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ce a rantsar da Rotimi Amaechi gwamnan Ribas alhali ba shi aka yi wa kamfe ba, bisa hujjar cewa shi ne halattaccen ɗan takarar PDP, ita kuwa jam'iyyar ce ta ci. A Kogi a 2015 Abubakar Audu ya rasu ana tsakiyar tattara sakamako, Yahaya Bello ya gaji ƙuri'unsa. A Zamfara a 2019 kotu ta zubar da ƙuri'un APC kaf saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda ya kamata ba. Wanda ya hau kujera ta wannan ƙofar, bashin jam'iyya yana wuyansa.

To, shi kuma talaka fa, wa ya tambaye shi kafin a tsayar da ɗan takara? A 2022, saboda yadda sabuwar dokar zaɓe ta fito, zaɓaɓɓun daliget kaɗai suka kaɗa ƙuri'a. APC ta ɗauki uku daga kowace ƙaramar hukuma, PDP ɗaya. Neja tana da ƙananan hukumomi 25, ke nan mutum 75 ne suka yi magana da yawun duk 'yan tsintsiya na jihar da masu rajistar zaɓenta suka kai kusan miliyan 2.7 a 2023. A zaɓen fid da gwani na APC Tinubu ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235. A PDP Atiku ya samu 371, Wike 237, bayan Tambuwal ya janye wa Atiku a cikin zauren. Yadda ake zawarcin daliget a otal-otal na Abuja ba sirri ba ne ga kowa. Idan haka aka fitar da gwani, sannan a dawo wa manomin gefen Tagwai da cewa amana ce ya bi, yana da ikon ya tambaya wace amana, yaushe aka ba shi ita. A ganina mai ƙuri'a ba ya cin amanar kowa in ya duba takarda uku ya raba su gida uku. Abin da nake yi masa tsoro shi ne zaman gida, don wanda ya raba ƙuri'arsa ya aika saƙon da za a iya karantawa, wanda ya zauna kuwa an bar manya su fassara shirunsa yadda suka ga dama.

Zaɓen 2023 ya juya madubin ga APC. A 2019 Buhari ya samu 612,371 a Neja, Atiku 218,052. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi da layin mai, Tinubu ya samu 375,183, Atiku 284,898, Peter Obi 80,452, Kwankwaso 21,836. Tsintsiya ta ci jihar, amma ta zubar da sama da ƙuri'a 237,000. Dalilan masu ja da baya ba iri ɗaya ba ne. Wasu dama Buhari suke bi, ba jam'iyya ba, da ya sauka daga takarda sai suka sauka. Wasu suna son ɗan Arewa. Kiristocin APC da yawa, a Minna da Suleja da ƙasar Gbagyi, tikitin Musulmi da Musulmi ne ya tsaya musu a wuya, kamar yadda ya tsaya wa Babachir Lawal da Yakubu Dogara har ɗaya ya bi Obi ɗaya ya bi Atiku. Mutanen Shiroro da Munya da Rafi da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu kuwa ba sai an tambaye su dalili ba. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Bago ya samu kusan 470,000 a ƙarƙashin tsintsiyar nan dai. A Katsina, mahaifar Buhari, Atiku ne ya ci na shugaban ƙasa da ƙyar, amma APC ta kwashe sanatoci uku a rana guda, daga baya ta ci gwamna. Mutane sun koyi raba takarda uku ko da an miƙa musu su tare.

A ɓangaren PDP gwamnoni biyar ƙarƙashin Wike suka ƙi Atiku, suna cewa ba zai yiwu ɗan takara da shugaban jam'iyya, Iyorchia Ayu, su fito daga Arewa gaba ɗaya ba. Sun fi gwamnonin 2015 fitowa fili, wannan kam a ba su. Uku daga cikinsu da suka nemi sanata, Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi, duk suka faɗi, kamar yadda Talba ya faɗi, don wanda ya sanyaya wa mutanensa gwiwa a kan lemar sama bai da tabbacin za su nemo ta ƙasa. Wike kuwa a Agustan 2023 aka rantsar da shi ministan Abuja yana riƙe da katin PDP. Matashin da ya ga haka, da wane baki za a ce masa antifati laifi ne?

Akan kawo misalin Amurka a wannan zance. A 2016 manyan 'yan Rifablikan da yawa sun ƙi Trump a fili, har Ted Cruz ya hau mumbarin babban taronsu ya ce kowa ya bi abin da zuciyarsa ta gaya masa, aka yi masa ihu. Kafin zaɓe ya dawo ya mara masa baya, kuma kusan tara cikin goma na 'yan jam'iyyar shi suka zaɓa. Can jam'iyyun biyu sun haura shekara 160 suna fafatawa, mutum yana gadon tasa kamar yadda yake gadon gida, tsoron ɗaya ɓangaren kuma ya fi masa ƙin ɗan takararsa ƙarfi. Namu kuwa APC a 2013 aka haife ta, kuma da yawa cikin manyanta daga PDP suka fito. Kafin su, a 1989, gwamnatin Babangida ce ta ƙirƙiro SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, ta ce mutane su shiga. Ba a gadon abin da bai kai shekarun ɗan fari ba.

Amma mun taɓa sanin wata irin biyayya. 'Yan NEPU, tun daga 1950, sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e saboda kati, don jam'iyyar tana nufin wani abu da za su iya faɗa da bakinsu. Ko da PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, rigimar a bainar jama'a aka yi ta. Abubakar Rimi da ya ga zama ba zai yiwu ba, a 1983 ya koma NPP, ya ajiye kujerar gwamnan Kano da PRP ta ba shi, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau, shi kuma ya shiga zaɓe Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi. Ana iya saɓa wa Rimi a abubuwa da dama, amma babu magoyin bayansa da ya kwana bai san inda jagoransa ya dosa ba. Abin da nake nema ga mai kujera ke nan, ba ƙari. In zai bi ɗan takarar jam'iyyarsa, ya bi da gaske. In ba zai iya ba, ya faɗa tun kafin zaɓe, da bakinsa, a gaban mutanen da suke sayar da mutuncinsu dominsa, ya kuma ɗauki abin da zai biyo baya.

Bara da na je gaishe da kawuna na roƙe shi ya nuna mini littafin. Ya sa jikarsa ta ɗauko daga ƙasan akwatin ƙarfe, bangon ya yi laushi, wasu shafukan ruwa ya taɓa. Sunayen waɗanda suka rasu ya ja musu layi da jan biro. Alamar ƙarshe da ke gaban sunayen ta zaɓen gwamna ce na 2011. Na tambaye shi ko bayan 2015 wani daga ofishin jam'iyya ya zo jin dalilin da ya sa bai fito ba. Ya girgiza kai. "Ko mutum ɗaya," in ji shi. "Sai da 2019 ta matso suka aiko yaro da fasta." Ya rufe littafin ya miƙa wa yarinyar, ya ce ta mayar inda ta ɗauko.